Yadda Ake Gwada Ƙarfin Cikon Haƙori da Haƙorin Roba Kafin Su Shiga Bakin Mutum

Duk mai bibiyar bidiyon gwajin wayoyi a YouTube ya san tashar JerryRigEverything, inda Zack Nelson ke ɗauko sabuwar waya dal ya karce gilashinta da tsinke, ya kanga mata wuta, sannan ya kama ta da hannu biyu ya lanƙwasa don a ga ko za ta karye. Matasa na son irin wannan bidiyo saboda ba wanda ke son ya zuba kuɗinsa a wayar da za ta tsage cikin wata guda. To amma akwai wani kayan fasaha da ya fi kowace waya shan wuya, kuma ba a cika yi masa bidiyo ba. Wannan kaya shi ne ɗan abin da likita ke cike kogon haƙori da shi, da hular da ake kifa wa haƙori, da haƙorin roba, da kuma dashen ƙarfe da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi.

Idan haƙori ya matsa wa matashi a Gwandu ko Kalgo, yawanci Birnin Kebbi zai nufa, ko Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, wani kuma ya wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Zai biya kuɗin mota, ya biya kuɗin aiki, ya ɓata yini. Idan cikon ya fashe bayan wata shida, duk wannan wahala za a sake ta, kuma a kowane sabon ciko sai an ƙara sassaƙe wani ɓangare na haƙorin, wanda ba ya tsirowa. Shi ya sa tambayar yadda ake tabbatar da ƙarfin waɗannan kaya ta shafi aljihu da lafiya baki ɗaya.

Nauyin da haƙori ke ɗauka

Ana auna ƙarfin turi da ma'aunin niyuton. Kilo ɗaya yana danna ƙasa da ƙarfin niyuton 9.8, ke nan buhun shinkafa mai kilo 50 yana kai wa wajen niyuton 490. Lafiyayyen baligi idan ya cije da iya ƙarfinsa da turamen haƙoransa na baya, yakan kai niyuton 400 zuwa 800. Wato kamar a ɗora buhun shinkafa guda, ko fiye, a kan abin da bai kai girman ƙwayar gurjiya ba. Tauna ta yau da kullum ba ta kai haka, tuwo da miya ba sa buƙatar wani ƙarfi. Amma rake, goruba, busasshiyar aya, kilishi, ƙanzo da ƙashin kaza duk suna tura haƙori can sama.

Ƙarfin kaɗai ba shi ne labarin ba, faɗin wurin da ya sauka shi ne abin dubawa. Idan aka raba niyuton da faɗin wurin a murabba'in milimita, sai a sami abin da ake kira megafaskal, wanda ake rubutawa MPa. Niyuton 200 da ya bazu a kan murabba'in milimita 10 zai ba da MPa 20 kacal. Wannan niyuton 200 ɗin, idan ya taru a kan rabin murabba'in milimita, ya zama MPa 400. Wannan lissafin ne ya sa 'yar tsakuwa guda cikin shinkafa 'yar gida take fasa haƙorin da ya shekara ashirin yana cin rake lafiya lau. A jihar da noman shinkafa ya zama abin alfahari, ba sai an yi wa kowa dogon bayanin wannan ƙarar ta "ƙaras" ba.

Shi haƙorin da Allah ya halitta yana da dabararsa. Farin ɓawon da ke waje kashi 96 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne, kuma ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, sai dai yana da gautsi kamar tangaran. A ƙarƙashinsa akwai dentin, wanda bai kai shi tauri ba amma yana ɗan lanƙwasawa, yana kuma tare tsagar da ta taso daga sama. Duk abin da masana'anta za ta ƙera, ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan haɗi na tauri a waje da juriya a ciki.

Gwajin farko: a danna har ya karye

Hukumar ISO, mai tsara ƙa'idojin ingancin kaya ta duniya, ta ware lamba ga kowane irin kayan haƙori. Farin ciko mai kama da launin haƙori, wanda likitoci ke kira kwamfosit, yana ƙarƙashin ISO 4049. Asalinsa haɗin roba ne da garin gilashi, kuma tushensa ya faro ne daga sinadarin Bis-GMA da Rafael Bowen ya samar a Amurka a farkon shekarun 1960.

Ga yadda gwajin yake. Ana zuba kwamfosit ɗin cikin ƙwarya ta ƙarfe a fitar da ɗan sanda mai tsawon milimita 25, faɗi 2, kauri 2, kusan siffar tsinken ashana. A haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, na tsawon awa 24. Daga nan sai a ɗora shi kan ƙafafu biyu masu tazarar milimita 20, wata na'ura ta riƙa danna tsakiyarsa a hankali har ya ɓalle. Kamfanin Instron, wanda aka kafa a Amurka a 1946, ya yi fice wajen ƙera irin waɗannan na'urori har wasu ke kiran duk mai irin aikin da sunansa, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka ƙarfin da ya karya sandan sau 3, a ninka da tazarar ƙafafun, sannan a raba da abin da aka samu in an ninka 2 da faɗi da kauri da kauri kuma. Da waɗannan awo na sama, amsar takan zama ƙarfin da ya karya shi sau 3.75. Ƙa'ida ta ce cikon da za a sa inda ake tauna kada ya gaza MPa 80. Ke nan ɗan sandan nan dole ya ɗauki wajen niyuton 21, kilo 2 da ɗoriya, kafin ya karye. Mai karatu zai ga kamar kaɗan ne, amma ya tuna kaurin abin bai wuce na tsinken ashana ba.

Sauran kayan ma kowanne da nasa. Robar da ake yin gindin haƙorin cirewa da ita tana ƙarƙashin ISO 20795-1, inda wadda ake dafawa da zafi dole ta kai MPa 65. Simintin haƙori da ake kira gilas ayonoma, wanda Alan Wilson da Brian Kent suka gabatar a Ingila a 1972, shi ba lanƙwasa shi ake yi ba, matse shi ake yi: a yi ɗan dunƙule mai tsayin milimita 6 da faɗin 4 a danne shi har ya murƙushe. Wannan siminti yana da muhimmanci a karkara, domin da shi ake yin cikon da ba ya buƙatar lantarki ko injin huda, dabarar da Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980. Bai kai kwamfosit ƙarfi ba, amma yana manne wa haƙori da kansa kuma yana fitar da sinadarin fuloraid.

Gajiya, wadda ita ce ainihin mai kisa

Gwajin karya lokaci guda yana da amfani, sai dai ba haka yawancin ciko ke mutuwa ba. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya ta ƙarfe gaba da baya har ta tsinke ya san sirrin: babu lanƙwasa ɗaya da ta isa ta tsinka ta, taruwarsu ce ta yi aikin. Haka igiyar caja ke yi a wuyanta. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar abu.

Ilimin ya samo asali ne daga jirgin ƙasa. A 1842 wani jirgi da ya taso daga Basai zuwa birnin Faris na Faransa ya yi mummunan haɗari bayan sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun kan jirgin ta karye, mutane gommai suka mutu. Daga baya wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekarun 1850 da 1860 yana juya irin waɗannan sanduna a na'ura ƙarƙashin nauyi yana ƙirga zagayen da suke yi kafin su karye. Abin da ya gano shi ne ƙaramin nauyi, idan aka maimaita shi sau dubbai ko miliyoyi, yana karya ƙarfen da babban nauyi bai iya karyawa ba a karo guda. Dalili kuwa, babu wani abu da hannun mutum ya ƙera da ba shi da ƙananan tsagogi da kumfar iska waɗanda ido ba ya gani. Kowace dannawa tana ƙara wa tsagar ɗan tsawo, har ranar da sauran wurin ya kasa riƙewa. Shi ya sa ake jin mutum na rantsuwa cewa burodi kawai yake ci cikonsa ya fashe. Gaskiya ya faɗa. Burodin ya zo ne a ƙarshen aikin da rake da goruba suka daɗe suna yi.

Don kwaikwayon wannan aka ƙera na'urar tauna. A farkon shekarun 1980 Ralph DeLong da William Douglas na Jami'ar Minesota suka haɗa abin da suka kira bakin roba, kuma a yau kamfanoni irin su SD Mechatronik na Jamus na sayar da irinta ga jami'o'i. Ana kafa haƙorin da aka cike a cikin ɗan kofi, sai wata ƙwallo mai tauri ta riƙa saukowa ta buge shi, ta ɗan zame gefe, ta tashi, ta sake saukowa. Zamewar nan tana da muhimmanci, domin muƙamuƙin mutum niƙa yake yi kamar dutsen niƙa, ba sara kawai ba. Masu bincike da yawa suna amfani da nauyin niyuton 49, wato kilo 5, kuma sun ɗauki bugu 240,000 zuwa 250,000 a matsayin taunar shekara guda. Ke nan bugu miliyan 1.2 na wakiltar shekara biyar. Idan na'urar na bugu sau 1.6 a daƙiƙa, za ta gama wannan shekara biyar ɗin cikin kwana 9 ba cikakku ba.

Masu sha'awar waya za su gane wannan tunani nan take. Lokacin da Samsung ya fito da Galaxy Fold a 2019, ya ce an gwada naɗe ta sau 200,000, wato kamar sau 100 kullum na tsawon shekara biyar. Da shafin CNET ya sa ta a wata na'ura ya nuna kai tsaye a watan Oktoba na shekarar, sikirin ya lalace a wajen naɗi na 120,000. Sai gardama ta tashi, domin na'urar ta fi hannun mutum sauri da ƙarfi. Irin wannan gardamar ce ke tsakanin masu binciken haƙori har gobe: sakamako ya danganta da nauyi, da sauri, da siffar ƙwallon, kuma alƙaluman ɗakin gwaji biyu ba sa kwatantuwa sai idan tsarinsu ɗaya ne.

Dashen haƙori yana da nasa gwajin mai tsanani, ISO 14801. Shi dashe kusa ce ta ƙarfen titaniyam da ake murzawa cikin ƙashi, kuma likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya fara sa wa mutum irinta a 1965. A wajen gwaji ba a tsayar da kusar a miƙe. Ana karkatar da ita digiri 30, a bar milimita 3 na samanta a waje kamar dai ƙashin ya zaizaye, don a ga yadda za ta yi a mafi munin hali. Sannan a yi ta bugu har sau miliyan 5 idan a busasshe ne, ko miliyan 2 a hankali idan cikin ruwa ne.

Shayi da ƙanƙara

Baki ba wurin nauyi ba ne kawai. Mutum zai kurɓi shayi mai tururi wurin mai shayi da safe, da rana kuma cikin zafin Afrilu ya tauna ƙanƙarar zoɓo. Zafi na buɗa abu, sanyi na tsuke shi, kuma kwamfosit ya fi haƙori buɗewa da tsukewa. Sannu a hankali sai bakin cikon ya fara rabuwa da haƙorin, ƙwayoyin cuta su sami hanya.

A ɗakin gwaji ana ajiye baho biyu, ɗaya mai digiri 5, ɗaya mai digiri 55, wani hannun inji ya riƙa tsoma samfurin nan ya tsoma can, galibi daƙiƙa 30 a kowanne. A 1999 Gale da Darvell suka ba da shawarar a ɗauki zagaye 10,000 a matsayin shekara ɗaya a baki. Ƙiyasi ne, amma ya zama abin da aka fi bi.

Zirkoniya, tangaran mai ɗinke tsagarsa

A nan ne fasahar waya da ta haƙori suka fi haɗuwa. Bayan wayar Xiaomi Mi Mix ta 2016 da zirkoniya aka yi shi, kuma da wannan tangaran ɗin ake sassaƙa hular haƙori ta zamani. Tangaran na gargajiya da ake yi wa haƙori yakan karye a ƙasa da MPa 120 ko kusa da haka. Gilashin da aka rainar wa ƙananan lu'ulu'u a ciki, irin IPS e.max na kamfanin Ivoclar, yana kai wa wajen 400, kuma ɗan uwa ne ga Ceramic Shield da Apple ya fara sa wa iPhone 12 a 2020. Zirkoniya mai ƙarfi kuwa tana kai wa 900 zuwa 1,200. Ƙa'idar ISO 6872 ta ce tangaran da za a yi doguwar gadar haƙora huɗu ko fiye da shi dole ya kai MPa 800, abin da kusan zirkoniya kaɗai ke iyawa.

Sirrinta abin mamaki ne. A 1975 Garvie da Hannink da Pascoe a Ostireliya suka bayyana cewa idan tsaga ta fara shiga zirkoniya, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sukan sauya siffa su kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, kumburin ya matse tsagar ya hana ta ci gaba. Amma wannan baiwar tana da illa. Ruwa da ɗumi na iya jawo sauyin siffar a saman tangaran ba tare da wata tsaga ba, sai saman ya yi gautsi. Duniya ta koyi wannan da tsada a wajen 2001, lokacin da ɗaruruwan ƙwallayen ƙugu na zirkoniya da aka dasa wa marasa lafiya suka fashe a jikinsu bayan masana'antar da ke yin su a Faransa ta sauya yadda take gasa su. Yanzu ana tsufar da zirkoniya da gangan cikin tukunyar tururi mai digiri 134 na tsawon awa 5, sannan a sake auna ƙarfinta.

Wani abin lura: mafi ƙarfi ba lallai shi ne mafi alheri ba. Hular da ta fi ɓawon haƙori tauri, idan ba a goge samanta ya yi sumul ba, za ta riƙa cin haƙorin da ke fuskantarta kamar magagari. Shi ya sa bayan na'urar tauna ta gama, ana ɗaukar hoton samfurin da na abokin karonsa da sikana don a auna abin da ya zaizaye daga kowanne. Ta wannan fuskar zinariyar haƙori, wadda alhazai suka sa aka sani da haƙorin Makka, tana da daraja a wurin likitoci: ba ta fashewa, kuma ba ta cin abokin karo. Sai dai zinariya zalla ta cika laushi, gauraya ta ake yi da wasu ƙarafa, kuma hular ado da aka kifa ba tare da awo mai kyau ba tana tara abinci a gindinta komai tsadarta.

Abin da na'ura ba ta gani

Lambar da ke jikin kwali an same ta ne a ɗaki mai sanyi, a hannun ƙwararre, da fitila mai cikakken haske. Kwamfosit ba ya daskarewa da kyau sai shuɗin haske ya ratsa shi, shi ya sa ake sa na gargajiya hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2. Fitilar da ta yi rauni za ta daskarar da sama ta bar ƙasa da laushi. Yawu idan ya taɓa wurin lokacin aiki yana ɓata mannewar. Kayan da ya daɗe a shago cikin zafin da ke haura digiri 40, ko wanda wa'adinsa ya wuce, ba zai ba da ƙarfin da aka rubuta ba. Sannan na'urar tauna ba ta shan lemon kwalba, ba ta buɗe kwalba da haƙori, ba ta kwana ba ta yi aswaki ko buroshi ba. Manyan dalilai biyu da ke sa a sake farin ciko su ne fashewa da kuma sabon ruɓewa a gefensa, na biyun kuma ya fi rataya a kan sukari da tsafta.

Batun zai ƙara zafi nan gaba saboda baƙin ciko na amalgam, wanda kusan rabinsa sinadarin makuri ne, yana kan hanyar fita. Yana da juriya, yana kuma haƙuri da yanayin aiki mai wuya, amma Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ke ciki, ta nemi a rage amfani da shi, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi daga Janairun 2025 sai a wasu lalurori. Abin da zai maye gurbinsa ya fi shi buƙatar kulawa wajen sawa.

Don haka mai zuwa asibiti yana da damar ya tambayi likita wane irin kaya za a sa masa da dalilin zaɓensa, musamman idan haƙorin baya ne, kuma ya faɗa idan yana cizon haƙora cikin barci. Su kuwa haƙoran maƙalawa da garin cikon gida da ake talla a TikTok da shagunan intanet, wanda bai ɗauke da sunan masana'anta, ranar ƙarewar wa'adi da lambar rajistar NAFDAC ba, babu wata shaida cewa ya taɓa shiga ɗaya daga cikin na'urorin nan. Haƙorin roba da ya tsage kuma ba a liƙa shi da Super Glue, wurin mai haɗa haƙori ake mayar da shi.

Gwajin da ɗalibi zai iya yi da kansa

Ɗalibin sakandare a Gwandu, ko na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, zai iya ganin duk wannan da kayan kicin. A ɗauko busasshiyar taliyar leda sili 20. A jera kofi biyu masu tsayi ɗaya da tazarar santimita 10, a gitta sili ɗaya a kansu, a rataya ƙaramar leda a tsakiyarsa da zare. Sai a riƙa ɗura ruwa cikin ledar da sirinji ana ƙirgawa, kowace mililita ɗaya giram ɗaya ce, har silin ya karye. A rubuta adadin a waya, a maimaita da sili goma.

Amsoshin ba za su zo ɗaya ba duk da cewa daga leda ɗaya taliyar ta fito, domin kowane sili da irin ɓoyayyen aibinsa. Injiniyan Suwidin Waloddi Weibull ne ya tsara lissafin wannan bambanci a 1939, kuma da shi ake tantance tangaran haƙori a yau: kayan da samfuransa suka karye a kusa da juna ya fi abin dogaro a kan wanda matsakaicinsa ke sama amma wasu samfuran na karyewa da wuri. Sauran sili goman kuma a ɗan karce tsakiyar kowanne da reza, a juya karcen ya dubi ƙasa, a sake gwajin, sannan a kwatanta jerin alƙaluman biyu.